Zanzaron da bai san iyakar gona ba

Ina shekara ta uku a karatun lisans, a tsangayar ilimin aikin gona da muhalli ta Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke nan Maraɗi, kuma a cikin dukan darussan da aka koya mana babu wanda ya kama zuciyata kamar ilimin ƙwari. An kafa jami'armu a 2010, tare da ta Tawa da ta Damagaram, saboda haka har yanzu yarinya ce idan aka jera ta da Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, kuma abokanmu da ke karatu can ba sa gajiya da tuna mana da hakan. Amma ga mai karatun noma muna da abin da ya fi tsufan gini amfani, domin idan ka fito daga aji ka hau kabu-kabu, kafin ka gama gaisawa da mai babur ka riga ka shiga gonaki, ko ta wajen Tarna inda cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, INRAN, take da reshenta na jiha, ko ta fadamar Jiratawa inda ake noman rani. Abin da malami ya zana a allo da safe, kana iya ɗora shi a tafin hannunka da la'asar.

Ƙwaron da na fi ba lokacina shi ne murzuna, tsutsar nan mai cin zangarniyar hatsi, wadda masana suke kira Heliocheilus albipunctella. Duk wanda ya taɓa yin girbi a ƙasar Tasawa ko Mayahi ko Agye ya san alamarta: wata murɗaɗɗiyar hanya ce da take zagaye zangarniya, inda ya kamata tsaba ta zauna sai ka tarar da fili da ɓuntu. Uwarta wata ƴar malam-buɗe-littafi ce mai tashi da dare, wadda take fitowa daga ƙasa kamar wata guda bayan saukar ruwan shuka, fitowarta ta yi daidai da lokacin da hatsi yake fitar da kai. A kan sabuwar zangarniya take zuba ƙwai. Tsutsotsin da suka ƙyanƙyashe sukan fara da cin fure, sa'an nan in sun ɗan tasa su riƙa yanke ƴan sandunan da ke riƙe da tsaba suna zagayawa, har su ƙoshi su sauko su shige ƙasa. A can suke kwanciya cikin kwasfa tun daga kaka, su ratsa ɗari da bazara ba ci ba motsi, har damina ta zagayo. Zuriya ɗaya ke nan a shekara, amma ta ishe mu, domin a gonakin da ta yi wa mummunan kamu asarar da aka auna takan kai daga kashi 40 zuwa kashi 85 cikin 100. Tsofaffi suna cewa ba su san ta da wannan ɓarna ba sai bayan farin da aka yi a farkon shekarun 1970, kuma rubuce-rubucen masana sun yi daidai da maganarsu.

Feshin magani ba ya warware wannan matsala, kuma dalilan ba sa bukatar dogon bincike. Hatsi kan fi mutum tsayi a lokacin da murzuna take aiki, tsutsar tana ɓoye a tsakanin furanni inda magani ba ya isa gare ta da kyau, ga shi kuma manomin da yake noma hatsi don cin gidansa ba shi da kuɗin da zai zuba a kan hekta biyu ko uku a watan Agusta, watan da rumbu ya riga ya yi ƙasa. Wanda ma ya samu ya fesa, yakan haɗa da kashe ƙwarin da suke taimakonsa bai sani ba.

A cikin waɗannan mataimaka akwai wani ɗan ƙaramin zanzaro mai suna Habrobracon hebetor, wanda tsayinsa bai wuce milimita uku ba, kuma ba ya harbin mutum ko dabba. Macen ce ke aikin: takan nemo tsutsa ta harbe ta, tsutsar ta shanye ta daina ci, sa'an nan ta zuba ƙwanta a jikinta, ƴaƴan su ƙyanƙyashe su tsotse ta, su saƙa ƴan fararen gidajensu a gefen gawar, cikin kwana goma ko kusa da haka su fito da fukafukai su ci gaba da farauta. Ba baƙo ba ne da aka ɗauko daga wata ƙasa. Yana nan a gonakinmu tun fil'azal. Matsalarsa ita ce rani yana cinye shi, saboda ba ya samun tsutsotsin da zai hayayyafa a kansu, don haka kafin ya sake yawaita a damina murzuna ta riga ta gama abin da ta zo yi. Dabarar da masana irin su Ibrahim Baoua na nan Maraɗi da Malick Ba, wanda ya yi aiki a cibiyar binciken amfanin gona ta ƙasa da ƙasa ICRISAT, suka daɗe suna aiki a kanta, a Nijar da Burkina Faso da Mali, ita ce a kiwata zanzaron a ɗaki duk tsawon rani a kan tsutsar wani ƙwaro mai cin hatsin ajiya, sa'an nan a sake shi a gonaki da wuri, daidai lokacin da hatsi ya fara bunni.

Yadda ake sakinsa ne ya fara burge ni, saboda babu wani abu a cikinsa da ya fi ƙarfin ƙauye. Ƙaramin buhun algarara ne wanda bai fi tafin hannu ba, a zuba masa ɗan hatsi da ɗan gari, a sa tsutsa 25 da matan zanzaro biyu waɗanda suka riga suka yi barbara, a ɗinke baki. Buhu 15 ake kai wa gari guda: uku a tsakiya, uku gabas, uku yamma, uku kudu, uku arewa, a rataye su a jikin itace ko rumbu inda ruwan sama ba zai jiƙa su ba, tururuwa kuma ba za ta hau ba. Bayan kamar mako guda sababbin zanzaro su fara fitowa ta ƙofofin saƙar buhun, su bazu kilomita uku ko fiye ta kowace fuska. A binciken da aka wallafa a 2014 an samu ƙarin amfanin hatsi na kashi 34 cikin 100 a garuruwan da aka yi sakin, idan aka gwada su da waɗanda ba a yi ba.

Na samu damar koyon kiwon a lokacin sanin makamar aiki, kuma aiki ne da ba shi da wani kwarjini ga mai kallo daga waje. Ɗakin warin tsohon gari yake yi. Robobi ne jere a kan katako, kowace an rufe bakinta da ƙyalle mai shara-shara an ɗaure da roba, ƙafafun teburin kuma suna tsaye cikin gwangwanayen ruwa saboda tururuwa, wadda in ta samu hanya takan share kiwon wata guda a dare ɗaya. Za ka tankaɗe gari ka tsamo tsutsotsi masu ƙiba da ɗan buroshi mai laushi, kana ƙirgawa, kana kiyaye kada ka murje su, domin zanzaro ba ya kula matacciyar tsutsa. Za ka ɗaga kwalba zuwa hasken taga ka rarrabe mace da namiji ta wurin ɗan tsinken da ke bayan macen, ka ɗiga musu ruwan zuma a auduga, ka rubuta kwanan wata a jikin kwalbar. A watan Afrilu, lokacin da zafin Maraɗi yake haura digiri 40, rabin aikin ya koma neman hanyar sanyaya ɗaki da jiƙaƙƙen buhu da rufe taga tun hantsi. Wasu abokaina mako ɗaya suka yi suka fara ƙorafi. Ni kuwa can na tabbatar da abin da nake so in yi da rayuwata.

Sai dai tambayar da ta fi tsaya mini a rai ba a ɗakin gwaje-gwaje na same ta ba. Kawuna ne ya yi mini ita a ƙauyensu da ke arewacin Tasawa, inda wani shiri na taimako ya taɓa kai musu buhunan kyauta, suka ga amfaninsu da idanunsu, shirin ya ƙare, buhuna suka daina zuwa. Ina ta yi masa bayanin cewa ina son wata rana in riƙa kiwon zanzaron ina sayarwa, yana saurarena yana gyaran ƙotar hauyarsa, sai ya ɗago kai ya ce, “Ɗana, in na ba da kuɗina na saye shi, a gonata zai tsaya?” Na ce, “A'a, Kawu, gonakin gari duka zai zagaya, har ya leƙa na maƙwabta.” Ya jinjina kai ya ce, “To, ashe sadaka zan yi ke nan. Sadaka kuwa ba a yanka wa mutum farashinta.”

Kawu bai yi makarantar boko ba, amma abin da ya faɗa shi ne ainihin matsalar da masana tattalin arziki suka gano sa'ad da suka duba ko wannan kiwo zai iya zama sana'a mai riƙe kanta. Zanzaro ba ya sanin iyakar gona. Wanda ya biya da wanda bai biya ba duk za su amfana daidai wa daida, saboda haka kowa yana da dalilin da zai jira ɗan'uwansa ya biya. Kamar igiyar rijiyar gari ce, wadda kowa yake jan ruwa da ita amma ranar da ta tsinke sai a yi ta kallon juna. Tun daga wannan hira karatuna ya rabu gida biyu: rabi yana kan ƙwaro, rabi yana kan mutane da yadda suke haɗa hannu ko su ƙi haɗawa, kuma na lura rabi na biyun ya fi wuya nesa ba kusa ba.

Abin da ya ƙara fito mini da matsalar fili shi ne labarin buhun ajiyar wake mai rufi uku, wanda ake kira PICS. Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta ɓullo da shi, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007, kuma an yi gwaje-gwajensa da dama tare da masu binciken INRAN na Maraɗi. Leda biyu ce masu kauri a ciki, da buhu na waje mai kare su; in aka ɗaure kowace da kyau, ƙwarin da ke cikin waken sukan shanye iskar da ta rage, su daina ci da hayayyafa, su bushe su mutu, ba tare da an sa ko ɗigon magani ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ƙasar da ita ce ta biyu a duniya wajen noman wake bayan Najeriya, ga jihar da motocin wakenta suka daɗe suna bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina. Mun san abin da ake zuba wa wake a wasu shaguna, piya-piya da ƙwayoyin hayaƙi, mun kuma san cewa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar irin wannan guba. Buhun PICS ya shiga kasuwa, ƴan kasuwa suna sarinsa, manoma suna saye da kuɗinsu, kuma dalilin a bayyane yake: wanda ya saya, wakensa ne kaɗai ya tsira, shi ne kuma zai sayar da tsada in bazara ta yi. Ilimi iri ɗaya ne, daga gari ɗaya, kusan daga hannun mutane ɗaya, amma ɗaya ya samu mai saye, ɗayan yana jiran mai bayarwa.

Ban yarda cewa mutanenmu ba su iya biyan abin da amfaninsa na kowa ne ba, domin a wannan jiha tamu aka yi abin da ya fi haka wuya. A farkon shekarun 1980 gonakin Maraɗi sun zama fili fetal, iska tana binne shuka, dashen itatuwa kuma yana ta mutuwa. Tony Rinaudo, wani ɗan Ostareliya da ya zo aiki nan, shi ne a 1983 ya lura cewa ƴan tsirran sabara da kalgo da ake sassabewa kowace shekara kututtura ne masu rai da saiwa mai zurfi, waɗanda in aka zaɓi reshe biyu ko uku aka bari, aka datse sauran, za su koma itatuwa cikin ƴan shekaru. Wannan sassaben zamani ya bazu har aka ƙiyasta ya rufe hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, dabarar datsa reshe ita ce ɓangare mafi sauƙi. Mai wuyar shi ne mutum ya raini itace shekara uku wani ya zo da dare ya sare, kuma ba a shawo kan wannan ba sai da garuruwa irin su Ɗan Saga ta ƙasar Agye suka kafa kwamitocin tsaro da suka haɗa manoma da makiyaya da mata, suka yanka tara, suka tsaya a kanta. Haka nan a ƙasar Maraɗi aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991, inda mata suke zuba ɗan abin da suka samu a asusu kowane mako suna ranta wa juna, tsarin da yanzu ake kwaikwayonsa a ƙasashe da dama. Mutanen da suka iya tsare itacen maƙwabci, suka iya riƙe akwatin kuɗi mai makulli ba tare da ya yi ƙafa ba, ba za su kasa haɗa kuɗin buhu 15 ba idan aka zo musu ta hanyar da ta dace.

A ganina hanyar ita ce a daina neman kuɗi a Agusta. A kai buhuna bashi, bisa yarjejeniya da maigari da limami da shugabannin ƙungiyoyin manoma da na mata, a biya da hatsi a kaka, tiya ɗaya ko abin da aka amince a kan kowane gida, a bainar jama'a, lokacin da damma suke jibge a bakin rumbu kuma ba wanda zai so a ce shi kaɗai ne ya hana. Haɗarin zai dawo kaina, na sani, kuma wani malaminmu ya gaya mini ƙarara cewa shekarar da aka yi fari ba zan ga ko tsaba ba. Gaskiya ya faɗa. Amma na fi son in ɗauki wannan haɗari da in kafa sana'a a kan jiran ranar da wata ƙungiya daga waje za ta sake tuna mu.

Wani ɓangare na wannan ƙarfin hali daga tantabaru na samo shi, waɗanda nake kiwo a bayan ɗakinmu a unguwar Zariya tun ina sakandare. Da tsofaffin tukwane da gwangwanaye na fara, yanzu kuwa na yi musu akurki na katako mai hawa-hawa. Tantabara ƙwai biyu take yi, uwa da uba suna karɓa-karɓar kwanci har kwana 18, su ciyar da ƴaƴan da wani farin abu mai kama da nono daga maƙoshinsu, cikin kamar wata guda ƴan shila sun isa kai wa kasuwa. Da kuɗinsu nake biyan hoton takardu da kuɗin intanet, wani lokaci har in saya wa Inna goro. Ina da littafi da nake rubuta kowane aure, da ranar ƙwai, da ranar ƙyanƙyasa, da abin da na kashe wajen dawa, kuma wannan littafi ne ya fara koya mini cewa kiwon da ba a rubutawa mai shi bai san ko riba yake ci ko asara ba. Su ne kuma suka koya mini keɓe baƙuwar tsuntsuwa kafin a haɗa ta da sauran, da raba kiwo wuri biyu don kada cuta ɗaya ta share shi gaba ɗaya, ƙa'idar da na tarar ana bi sau da ƙafa a ɗakin zanzaro. Da la'asar, in na dawo daga jami'a na watsa musu hatsi, ina zaune ina kallon yadda suke saukowa daga kan katanga, a nan nake yin yawancin tunanin da daga baya yake shiga takarduna.

Abin sha'awata na biyu kokawa ce, kuma ba zan ƙirƙiro mata wata alaƙa da ilimin ƙwari ba, domin babu. Ni ɗan Maraɗi ne, garin Yakuba Ango Kantu wanda ya ɗauki takobin farko na gasar kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975, wanda filin kokawarmu yake ɗauke da sunansa, saboda haka in lokacin gasar takobi ya zo, littafi yakan ɗan huta. Ban taɓa shiga fili ba, jikina ma bai ba da haka ba, amma na iya gardamar wanda ya fi iya ƙafa da wanda ƙarfi kaɗai yake taƙama da shi, kuma a majalisar shayinmu ana jin ra'ayina.

A gida, lokacin da na samu bakaloreya, likita aka so in zama, kuma har yanzu akwai gwaggona da take tambayata cikin tausayi ko dai makin ne bai kai ba. Babana bai hana ni ba, sai dai fatansa shi ne in gama in yi bautar ƙasa, in samu lamba a ma'aikatar noma, in zama malamin gona mai albashi. Ba na raina wannan fata. Na ga yayyenmu da suka gama tun shekaru, wasu suna koyarwa a matsayin ƴan kwantaragi a fannin da ba shi suka karanta ba, wasu suna bin shirye-shiryen ƙungiyoyi masu zaman kansu, wannan ya ƙare su nemi wancan, kuma na san wanda ya samu aikin gwamnati a cikinsu ya fi sauran kwanciyar hankali. Abin da yake damuna da aikin shiri shi ne ajalinsa: shekara uku ko huɗu, a rubuta rahoto mai kyau, a tattara motoci, manomi ya koma inda yake, murzuna kuwa ba ta da ajali. Dabarar da aka tabbatar da ingancinta tun fiye da shekara goma bai kamata a ce har yanzu tana zuwa ƙauye a matsayin baƙuwa ba.

Burina shi ne in buɗe ƙaramin gidan kiwon zanzaro a ɗaya daga cikin garuruwan da ke da babbar kasuwar mako, Tasawa ko Cadawa ko Mayahi, inda manoman ƙauyuka da yawa suke haɗuwa, domin buhun ba ya son doguwar tafiya cikin zafi. Na yi lissafin a takarda, kuma abin da ya fito fili shi ne zanzaro kaɗai ba zai ciyar da ni ba, saboda ana bukatarsa na ƴan makonni ne a shekara, alhali kiwonsa wata goma sha biyu ne ba hutu. Dole gidan ya tsaya da ƙafafu da yawa: buhunan PICS da koyar da ɗaurinsu a kaka, ruwan ƴaƴan dogon yaro don feshin wake da kayan lambu, ingantaccen irin hatsi kamar HKP da Chakti, wanda aka fitar a 2018 mai yawan sinadarin ƙarfe, a gabanin damina. Ina kuma son matan ƙungiyoyin asusu su zama su ne masu ɗinka buhunan da kula da robobin tsutsa, domin aiki ne na haƙuri da tsafta da ake iya yi a cikin gida, kuma su ne suka fi kowa sanin abin da ragin dami goma yake nufi a tukunya.

Akwai abubuwan da na rasa, ina kuma neman su. Yawancin binciken da aka yi a kan wannan zanzaro da Turancin Ingilishi aka rubuta shi, mu kuwa da Faransanci muka yi karatu, saboda haka kowane dare ina fama da shafi ɗaya ko biyu da ƙamus a waya. Ina koyon manhajar R don lissafin sakamakon gwaji, ina kuma zama wurin wani ɗan kasuwar hatsi a unguwarmu ina kallon yadda yake rubuta bashi da yadda yake karɓarsa ba tare da an ɓata ba, darasin da babu shi a jadawalin tsangayarmu. Na fara gwada yin gajerun saƙonnin murya da Hausa ina tura wa ƴan'uwa ta WhatsApp, irin yadda cibiyar kiran waya ta RECA, haɗakar majalisun manoma ta ƙasa, take ba manoma shawara, kuma na gano cewa bayanin minti ɗaya da manomi zai fahimta ya fi rubuta shafi biyar na jarrabawa wuya. Mastar ma ina son yi, amma ina so in shige ta da tambayar da na ɗauko daga gona, ba wadda aka miƙo mini a ofis ba.

Tambayar da zan gina kundin kammala lisans ɗina a kanta ta fito ne daga wata matsala da biyan kaka zai haifar. Aikin zanzaro ɓarnar da ba ta faru ba ce, abin da bai faru ba kuwa ba a ganinsa. In shekara ta yi kyau manomi zai ce dama murzuna ba ta zo ba, in ta ɓaci zai ce buhun bai yi aiki ba, kuma ta kowace fuska yana da hujjar riƙe tiyarsa. Abin da nake son gwadawa a daminar bana shi ne ƙirga tare da manoma: mako biyu ko uku bayan rataye buhuna, mu shiga gonaki da wakilan gari, dattawa da matasa da mata, su zaɓi zangarniyoyi da hannunsu, mu buɗe hanyar murzuna tare, su ga tsutsar da ta yi baƙi ta bushe da fararen gidajen zanzaro a gefenta, su ƙirga masu rai da matattu da tsakuwa a cikin ƙorai biyu. Za mu yi haka a garuruwan da aka yi saki da waɗanda ba a yi ba, mu kai wakilan wannan gari su ga na wancan, sa'an nan a kaka in koma in tambayi kowane gida nawa zai iya bayarwa, in duba ko waɗanda suka ƙirga da hannunsu sun fi waɗanda aka ba labari yarda su biya. Malamin da yake duba aikina ya amince da tsarin, da sharaɗin in rage yawan garuruwan zuwa abin da babur ɗaya zai iya zagayawa, kuma Kawu ya yi alkawarin zai kai ni wurin maigarinsu da kansa kafin ruwan shuka ya sauka.